Takardar Desiyus: Sa'ad da Aka So a Yi wa Almasihu Kishiya

Yau za mu koma baya cikin tarihin ikkilisiya, zuwa shekara ta 250 bayan haihuwar Almasihu, mu ziyarci birnin Kartaj a arewacin Afirka, inda ƙasar Tunisiya take yanzu. Kafin mu kama hanya, bari mu ɗan tsaya a kan kalma guda.

A cikin Fitowa 34:14 Ubangiji ya bayyana kansa Allah mai kishi ne. Waɗansu sukan yi tuntuɓe a nan, gama mun saba jin kalmar a wurin faɗa da gaba. Amma harshenmu ya taimake mu, don daga kishi muka sami kishiya. Macen da aka yi wa kishiya ta san abin da yake ƙona zuciya. Miji bai sake ta ba, yana ma rantsuwa har yanzu yana sonta, sai dai ya raba abin da a dā nata ne ita kaɗai. Manzo Bulus kuma, a 2 Korantiyawa 11:2, ya kwatanta ikkilisiya da budurwar da aka yi wa baiko da miji ɗaya, shi kuwa kamar waliyyin da yake tsaron alkawarin.

To, a shekara ta 249 wani jarumin soja mai suna Desiyus ya hau gadon sarautar Roma. Ya tarar da mulkin yana rawa. Gotawa suna kai hari daga arewa, Farisawa daga gabas, sojoji kuma suna naɗa sarki yau su kashe shi gobe. A ganinsa, gumakan Roma sun yi fushi ne domin an yi sakaci da su. Sai ya ba da doka cewa kowane mutum a mulkinsa ya zo gaban mahukuntan garinsu ya miƙa hadaya, ya zuba ruwan inabi, ya ɗanɗana naman hadayar, sa'an nan a ba shi takardar shaida. Irin waɗannan takardu fiye da 40 sun tsira cikin busasshiyar ƙasar Masar har zuwa zamaninmu, masu kwanan watan Yuni da Yuli na shekara ta 250. Da sunan mai takardar a ciki, da ƙauyensu, da sa hannun shaidu.

Mu lura da abin da dokar ta nema. Ba ta ce kowa ya daina bin Yesu ba. Roma ba ta damu da yawan allolin mutum ba, muddin nata suna cikin lissafi. Ka ƙona ɗan turare da safe, ka karɓi takardarka, ka tafi sujada da yamma. Ashe kishiya ake so a kawo cikin gidan Almasihu, a ce masa ya yi haƙuri su raba kwana.

Waɗansu suka ƙi. Fabiyan, bishop na Roma, ya mutu ranar 20 ga Janairu, 250. Babilas na Antakiya da Iskandari na Urushalima suka mutu a kurkuku. Aka azabtar da babban malamin nan Orijin, bai kuwa ƙara samun lafiya ba har mutuwarsa bayan 'yan shekaru. Muna son labarin irin waɗannan, muna kuma yawan faɗarsa. Amma abin da ya faru a Kartaj ya fi kusa da halinmu.

Bishop na Kartaj a lokacin shi ne Sifiriyan, mutum mai ilimi da dukiya, wanda bai daɗe da tuba ba aka zaɓe shi. Da tsanani ya tashi sai ya ɓuya a wajen gari, yana kiwon garkensa ta wurin wasiƙu. An zarge shi ƙwarai a kan wannan, ba ma ganin laifin masu zargin gaba ɗaya, gama da wuya tumaki su ga makiyayi ya bar gari su yi shiru. Shi ne ya bar mana labarin abin da ya biyo baya, cikin baƙin ciki. Masu bi da yawa ba su jira a kama su ba. Da ƙafarsu suka ruga dandalin gari, suna jan 'ya'yansu da abokansu, har dare ya yi mahukunta suka ce saura su dawo gobe, su kuwa suna roƙo a gama da su a ranar. Sifiriyan ya ce dogon zaman lafiya ne ya lalata su. Kowa ya dukufa ga tara dukiya, har waɗansu bishop bishop sun bar ikkilisiyoyinsu suna yawon fatauci.

Akwai kuma kashi na uku, masu dabara. Waɗannan ba su miƙa hadaya ba. Sun ba ma'aikaci toshiyar baki, ko sun aiki wani a madadinsu, aka rubuta musu takarda cewa sun yi. Hannunsu bai taɓa turare ba, bakinsu bai taɓa naman gumaka ba. Suka ce a ransu sun tsira ta kowane gefe, ga Kaisar ya gamsu, ga Almasihu ba a yi masa laifi ba. Sifiriyan ya ƙi wannan lissafi. Ya yarda laifinsu bai kai na masu hadaya ba, amma ya ce takardar kanta musu ce, tun da tana shaida a gaban duniya cewa mai ita na gumaka ne. Matar da ta yarda a rubuta sunanta a takardar auren wani, ko ba ta taɓa shiga ɗakinsa ba, me za ta faɗa wa mijinta? Mu ma da muke zuwa sujada ranar Lahadi da laya a ƙarƙashin riga, ko muke aika ɗan'uwa wurin boka don kada a gan mu da kanmu, mun san wannan lissafi sarai.

Tsananin bai daɗe ba. Desiyus ya mutu a yaƙi da Gotawa a tsakiyar shekara ta 251. Tun kafin haka waɗanda suka fāɗi sun fara ƙwanƙwasa ƙofar ikkilisiya, suna so su komo ga Jibin Ubangiji. Nan gardama ta tashi. A Kartaj waɗansu da suka sha kurkuku saboda Almasihu suka riƙa ba da takardun salama, wata ma ta mutum ce da dukan mutanensa, ba a ko ambaci sunayensu ba. Wato takarda ta fitar da mutum, takarda kuma ta komo da shi, ba hawaye, ba tuba. A Roma kuwa wani dattijon ikkilisiya mai suna Nobatiyan ya ce sam, wanda ya yi musun Ubangiji ba shi da sauran wuri a teburinsa har ya mutu. Ya rabu da bishop Karniliyas a kan wannan, ya kafa tasa ikkilisiya, wadda ta daɗe ɗaruruwan shekaru.

A ganinmu dukansu biyu ba su gane kishin Allah ba. Na farko sun ɗauka mijin bai damu ba. Nobatiyan ya ɗauka kishi saki uku ne. Amma a littafin annabi Yusha'u mun ga miji wanda matarsa ta ci amanarsa, ya bi ta, ya biya kuɗi ya fanso ta, ya kawo ta gida da sharaɗi ɗaya, ta zama tasa shi kaɗai. Bitrus ma ya yi musu sau uku, Ubangiji kuwa ya tambaye shi sau uku a kan ƙauna kafin ya ba shi kiwon tumaki.

Sifiriyan ya komo Kartaj bayan Idin Tashin Almasihu na 251, ya tara bishop bishop na Afirka. Suka yanke cewa a duba maganar kowa ɗaya ɗaya. Masu sayen takarda a karɓe su in sun nuna tuba. Masu hadaya su ci gaba da tuba, a karɓe su in ajali ya matso. Bayan haka, da aka ga alamar wani tsanani yana tafe, suka sake zama suka buɗe ƙofa ga dukan masu tuba na gaskiya. Dalilinsu shi ne, ba a tura soja yaƙi da yunwa. Wanda za a sake tambayarsa ko na wane ne shi, yana bukatar gurasa da ƙoƙon Ubangiji.

Tambayar ta zo wa Sifiriyan kansa a zamanin sarki Baleriyan. A shekara ta 257 aka kore shi zuwa wani gari a bakin teku mai suna Kurubis. Bayan shekara guda aka komo da shi Kartaj. Ranar 14 ga Satumba, 258, gwamna ya umarce shi ya miƙa hadaya, ya ƙi. Da aka karanta masa hukuncin kisa da takobi sai ya yi godiya ga Allah. Ya sa a ba haunin tsabar zinariya 25, ya ɗaure idanunsa da kansa. Da dare ya yi, 'yan'uwa suka ɗauki gawarsa da fitilu da addu'a, suka binne shi.