Ƙafar Baduku da Dokin Ɗinki

Ɗinkin fata ba kamar ɗinkin tufa ba ne. Tufa allura ta ke bi ta wuce abinta, amma fata sai an huda ta da basilla tukuna, sa'an nan a zura zare cikin hudar, a ja da ƙarfi. Hannu ɗaya yana riƙe da basilla, ɗaya yana jan zare, to, wa zai riƙe fatar? In kuwa ta goce ko da kaɗan ne, hudar sama ta saɓa da ta ƙasa, ɗinki ya karkace, ga shi kuma huda a jikin fata ba ta ɓacewa har abada. Saboda haka ko'ina a duniya inda a ke dukanci sai da masu sana'ar suka nemi hannu na uku. Turawa suka sassaƙa nasu da itace. Dukawan ƙasar Hausa kuwa a jikinsu suka sami nasu.

Dukanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Wani Balarabe mutumin Fas, Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa su ke kira Leo Africanus, ya gama rubuta littafinsa na labarin Afirka a Rum cikin 1526, aka buga shi a Banis cikin 1550. A ciki ya ce mutanen Gobir suna yin takalma irin waɗanda Rumawan dā su ke sawa, ana kai yawancinsu Tambutu da Gawo. A Kano kuwa akwai unguwa sukutum mai suna Dukawa, kuma Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa, ta daɗe da rumfunan masu kayan fata.

Baturen nan Barth, wanda ya ba kansa suna Abdulkarim, ya shiga Kano cikin 1851. Shi mutum ne mai son lissafi. Ya ƙiyasta takalman da Kano ta ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 10, kirgi da jajayen fatu kuma na wuri miliyan 5, ya ce har Tarabulus a ke kai su. A lokacin wuri 2,500 ne liyari guda, watau takalma kaɗai sun tashi liyari 4,000. Fatun nan da ayari ya ke ƙetare hamada da su, da yawa daga cikinsu na jar akuyar Sakkwato ne da 'yar'uwarta ta Maraɗi, waɗanda majema suka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi. Da suka isa Turai sai a kira su fatar Maroko, don ta tashoshin Arewacin Afirka suka fito. Abin da ya fi jan hankalin matafiyan nan shi ne kaya da kuɗinsu. Amma duk takalman nan da ɗaiɗai aka ɗinka su, kowanne kuwa sai da aka riƙe shi.

Ga yadda baduku ya ke yi. A ƙasa ya ke zama, bisa tabarma ko buzu, ba takalmi a ƙafarsa. In abin ɗinkin ƙarami ne, kamar laya ko alabe, ya kan riƙe shi da hannun hagu, ya dogara hannun bisa gwiwa, ya huda da dama. In mai faɗi ne, kamar gafaka ko zabira, sai ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ko ya haɗa tafin ƙafafunsa biyu ya danne shi, bakin da za a ɗinka yana kallon sama. Dogon abu kuwa, kamar maratayi ko ragama, sai ya maƙala bakinsa ɗaya a babban ɗan yatsan ƙafa, ya miƙe ƙafar har abin ya yi tsam kamar tsirkiya, sa'an nan ya yi ta aiki yana matsowa. Haka kuma ya ke yi in zai yi tufka ko kitson siraran fatu. Amfanin ƙafa shi ne tana ji. In fata ta fara miƙewa fiye da kima baduku ya sani nan take, ya sassauta, ba sai ya duba ba. Itace kuwa ba ya jin kome.

Wannan ba ya samuwa rana ɗaya. Dukanci galibi gado ne, yaro kuwa tun yana ƙarami ya ke zama gefen ubansa, a fara ba shi yankan siraran fatu da tufka, har ƙafarsa ta saba da kamu, ƙugunsa ya saba da dogon zama. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Babban mutum da ya tashi bisa kujera, ƙafarsa kullum cikin takalmi, in ya gwada zaman nan rabin sa'a ma ya ishe shi.

Bayan ƙafa akwai manni. Ado irin na gafaka da tumtum, inda a ke yanke ja ko tsanwar fata a ɗora bisa wata, a kan manna yankakken tukuna ya kama, sa'an nan a bi gefensa da ɗinki. Akwai kuma dabara ta uku, wadda ta fi duka ban sha'awa, watau a bar abin da ke ciki ya riƙe fatar da kansa. Laya takardarta a ke naɗewa da zare ta yi tauri, a ja fata a kanta a ɗinke. Kube yana da abin da ya tsai da shi daga ciki. Sirdi kuwa masassaƙi ya ke fara yin itacensa, da kwacciyar gaba da ta baya, a jiƙa fata a lulluɓe shi, a ɗinke tana da danshi, in ta bushe ta tsuke ta kama itacen gam. Clapperton, da ya zo Kano cikin 1824, ya ga yadda a ke yin tandu: a gina siffarsa da yumɓu, a lulluɓe da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata. In ta bushe sai a farfasa yumɓun a zazzage.

Turawa kuwa bisa kujera su ke zama, ƙasarsu ga sanyi, ƙafa cikin takalmi, saboda haka ƙafa ba ta da kamu. Kuma babban aikin dukawansu kayan dawakin karusa da na noma ne, da kirgin sa mai kauri a ke yinsa. Ɗinkinsu zare ɗaya ne mai allura biyu, ɗaya a kowane baki. A shafe zaren da kakin zuma, a huda da basilla, allurar hagu ta shiga ta fita dama, ta dama ta shiga hudar nan ta fita hagu, a ja su tare. Ɗinki ne mai ƙarko ƙwarai, don ko zaren gefe ɗaya ya tsinke na ɗaya gefen yana riƙe. Amma yana cin hannu biyu ɗungum, har basilla ma a tafin hannu ta ke kwana tare da allura. Don haka suka yi matsi na itace: lanƙwasassun katako biyu, tsawonsu kusan kamu biyu, an haɗa gindinsu, bakunansu suna cizon juna. Baduku ya sa fata a bakin, ya kafa gindin a ƙasa, ya matse da gwiwoyinsa. Ana ganin hoton wannan cikin babban littafin sana'o'i da Diderot ya shirya a Faransa tsakanin 1751 da 1772. Kamfanin Hermès na Faris, wanda ya fara da kayan doki cikin 1837, da irin matsin nan masu ɗinkinsa su ke ɗinka sirdi da jaka. Ka ga ashe su ma gwiwa ba ta huta ba.

Masu ɗinkin takalma nasu dabam. Madauri su ke zagayowa ta bisa gwiwa zuwa ƙarƙashin tafin ƙafa, ya danne takalmin bisa cinya, in suna son juya shi su ɗaga ƙafa. Masu safar hannu kuma, cikin 1807 wani James Winter a lardin Somerset na Ingila ya ƙago musu ƙaramin matsi mai haƙoran tagulla, allura tana bi tsakanin haƙori da haƙori, ɗinki ya fito daidai wa daida. Suka sa masa suna jaki. A Amurka aka fi son benci mai ƙafa huɗu, matsin yana kafe a gabansa, da abin takawa wanda ya ke jan madauri ya rufe bakin. Mutum ya hau shi kamar yadda a ke hawan dabba, shi ya sa su ke ce masa dokin ɗinki. Baduku ya hau dokin itace don ya ɗinka wa dokin gaske linzami!

Wanda ya ga rumfar Bature cike da katako, ya ga ta Bahaushe daga wuƙa sai basilla sai ɗan allon yanka, ya kan zaci na biyun ne aka bari a baya. Wannan zato bai tsaya bisa hujja ba. Yawancin aikin baduku da fatar akuya da ta tunkiya ne, masu taushi da laushi, waɗanda baƙin itace zai bar musu tabo in ba a yi hattara ba. Ɗinkinsa kuma ba ya neman allura biyu. Ban da haka baduku matafiyi ne. Kayan aikinsa duka jaka guda ta ɗauke su, ya ci kasuwar ƙauye yau, gobe ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, ko ya bi sarki sansanin yaƙi yana gyaran majayi da linzami. Ta haka dukawan Hausa suka zauna a zangon Salaga da na Kumasi. Wa zai ɗauki benci daga Kano zuwa Salaga?

Abin da ya canja sana'ar, can da nan, keken ɗinki ne. Tun 1790 wani Thomas Saint a Ingila ya yi rajistar keken ɗinkin fata, cikin 1858 kuma Lyman Blake a Amurka ya ƙago mai ɗinka ƙasan takalmi. Da mota ta ture karusa sai dokin ɗinki ya koma hannun masu sirdi da masu yin dukanci don sha'awa. Su ne Al Stohlman ya rubuta wa littafinsa na ɗinkin fata da hannu cikin 1977, su ne kuma su ke sayen ƙaramin matsin nan da a ke zama bisa gindinsa, wanda su ke kira ɗan doki.

A Kano jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, ayarin hamada ya mutu, fatu suka juya suka nufi Ikko. Daga baya aka kafa manyan majemu na inji a Bompai da Sharaɗa da Challawa, mafi kyawun fatu su kan tafi Italiya da Sifen, baduku ya sayi abin da ya rage da tsada. Inda fata ta fi taushi nan a ke mai da jima. Takalman roba suka cika kasuwa. Masu yin takalma na wajen Ƙofar Wambai da yawa sun koma bisa benci, gam na gwangwani ya ke riƙe musu fata, keke ya bi da ɗinki. Zaman ƙasa da kamun ƙafa sun fi saura wurin masu laya da kube da gafaka, da masu kayan doki, waɗanda hawan salla ya ke kawo wa aiki a Kano da Katsina da Zazzau. Cikin 2024 Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Matsin Bature in mai shi ya mutu ana iya ɗaukarsa a kai gidan tarihi, kamar wanda aka buɗe na kayan fata a garin Walsall na Ingila cikin 1988. Na baduku kuwa tare da shi a ke binnewa, sai fa in ya bar yaron da ya zauna gefensa.