Asalin Kalma: Masauki

Kalmar “masauki” ta fito ne daga aikatau “sauka”. An ɗora mata ɗafa-goshin “ma-” mai nuna wuri, kamar yadda “karanta” ta haifi “makaranta”. Jam'inta “masaukai”, wanda ya karɓi baƙo kuwa shi ne “mai masauki”.

Kalmar ta yi tashe a zamanin fatauci. Fataken goro masu bin hanyar Gwanja sukan yada zango a bayan gari, su sauke wa jakuna kaya. Daga nan unguwannin Zango na Kumasi da Akara suka samo suna. A cikin gari kuma maigida ke sauke falke, ya adana masa haja, ya nemo masa masu saye, ribarsa ita ce la'adar ciniki.

Yau “otal”, wadda muka aro daga Turanci, ta shigo, amma ba ta ture “masauki” ba. Otal sai da kuɗi, masauki kuwa ya haɗa har da ɗakin soron ɗan'uwa. Shi ya sa mai shirin zuwa Legas ko Kano ya kamata ya fara tambayar mutanen garinsu mazauna can kafin ya kama ɗaki.