Rajistar Gasar Rediyo: Daga Fensir Zuwa Manhajar Gayya

A Unguwar Ya, kamar sauran ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, rediyo abin saurare ne. Dattijo ya murɗa gajeren zango da asuba ya kamo Landan, wadda ta fara magana da Hausa tun 1957. Can ake magana, nan ake ji. To amma a kan wannan gajeren zangon akwai wasu mutane da ba saurare kaɗai suke yi ba. Suna da lasisi, da na'urar aika saƙo, da eriya a bayan gida, suna kiran juna daga nahiya zuwa nahiya, ba don kuɗi ba. Su ake kira masu rediyon sha'awa. Kowa da lambar kiransa, kuma farkon lambar ne ke nuna ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Paris aka kafa ta a 1925.

Suna kuma yin gasa. Mafi girma ita ce CQ World Wide, wadda mujallar CQ ta Amurka ta fara a 1948. Awa 48 ake yi ba tsayawa, daga ƙarfe ɗaya na daren Juma'a, wayewar garin Asabar, agogon Najeriya. Ta murya a ƙarshen Oktoba take, ta bugun Mos kuma a ƙarshen Nuwamba. An kasa duniya shiyya 40, mu da Nijar muna ta 35. Babu gaisuwa, babu tambayar iyali: ka faɗi lambarka, ka faɗi ƙarfin siginar abokin magana da shiyyarka, ka wuce. Wanda ke Jigawa cewa zai yi "59, 35", shi ke nan, sai na gaba. In ka samu mutumin wata nahiya maki 3 ne, na wata ƙasa a nahiyarka maki 1, sannan a ninka jimillar da yawan ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowane ɗaya daga zanguna shida.

Duk wannan sai an rubuta, kuma a nan wahalar take. Shekaru kusan arba'in da fensir ake yi. Hannu ɗaya na kan makullin Mos, ɗayan na rubuta lokaci da lamba da shiyya. A gefe ga wata faffaɗar takarda mai gida-gida, inda ake sake shigar da kowace lamba don kada a kira mutum sau biyu a zango ɗaya, domin a lokacin maimaicin da ba a tsame ba yana jawo tara. Ka ƙiyasta mutumin da ya kwana biyu idonsa biyu, yana laluben lamba ɗaya cikin dubu biyu. Bayan gasar kuma ga makonni na kwafa da lissafi, kafin a kai ambulan gidan waya. Da yawa sun yi gasar da kyau, aikin takardar ya gagare su, ba su aika komai ba.

A tsakiyar shekarun 1980 wani Ba'amurke, Ken Wolff, mai lamba K1EA, ya rubuta manhajar da ya sa wa suna CT, a kan tsarin DOS. Kana buga lamba, nan take ta gaya maka ko maimaici ne, wace ƙasa ce, ko sabuwa ce gare ka, ta kuma buga maka saƙon Mos ɗin da kanta. Aikin makonni ya koma na mintoci. Ba da jimawa ba Larry Tyree, N6TR, ya fito da TR Log, wadda ta yi suna wajen rage yawan maɓallan da ake dannawa. Dave Pruett, K8CC, ya fito da NA. Da Windows ta zo, aka sami WriteLog ta Wayne Wright, W5XD, daga baya kuma Win-Test daga Faransa.

A lokacin kusan dukansu sayarwa ake yi, kuma kowace a wuyan mutum ɗaya ko biyu take. Dokokin gasa kuwa ba sa zama wuri ɗaya, sababbin na'urori na fitowa, kwamfuta na sauya tsari. Duk ranar da mai manhaja ya gaji, ko aikin ofis ya sha kansa, sai ta tsaya cak. CT, duk da sarautar da ta yi, haka ta ƙare: an mai da ita kyauta, amma ci gabanta ya tsaya.

Tom Wagner, N1MM, wata hanya ya bi. Wajen shekara ta 2000 ya fara tasa manhajar, ya ba da ita kyauta tun farko, ya kuma jawo wasu masu sha'awar suka kama masa. Wani ya ɗauki ɓangaren haɗa ta da na'urori, wani dokokin gasa, wani rubuta littafin bayani, wasu kuma amsa tambayoyin sababbin shiga. Aikin gayya ne sosai, sai dai gonar ba ta ƙarewa. A 2014 suka sake gina ta daga tushe da sunan N1MM Logger+, yau kuma ita ce aka fi amfani da ita a manyan gasa. Mutum ya kai ƙorafin kuskure daga Japan, wani a Turai ya gyara, kafin gasa ta gaba sabon zubi ya fito.

Duk da haka, ni a ganina abin da N6TR ya yi ya fi ɗorewa. Shi asalin rubutun TR Log ɗin ya sake wa jama'a. Da shi wani ɗan Rasha, Dmitriy Gulyaev, UA4WLI, ya gina TR4W don Windows, da ya ja baya kuma wasu suka karɓa. Kevin Schmidt, W9CF, ya mai da TR Log ɗin kan Linux. Ita ma Tlf, wadda Rein Couperus, PA0R, ɗan Holan ya rubuta bisa salon TR Log, a buɗe take, shi ya sa bayan ya ajiye, Thomas Beierlein, DL1JBE, da abokansa suka ci gaba. N1MM kyauta ce, amma asalin rubutunta yana hannun tawagarta kaɗai. Kyauta daban, buɗewa daban. Tlf kuma ba ta da kwalliya, baƙaƙe ne zalla a kan allo, tsohuwar kwamfuta ma ta ishe ta, abin da ke da muhimmanci a inda kuɗi da wuta suke da wuya.

Yawan manhajojin ya haifar da wata matsalar: kowace da irin fayil ɗinta, alƙalan gasa suna fama. A 1999 Trey Garlough, N5KO, ya tsara Cabrillo, siga ɗaya da kowa zai aiko da rajistarsa a ciki, kowace magana a layi ɗaya. Ƙungiyar ARRL ta Amurka ta karɓa, sauran suka bi. Yanzu gidauniyar WWROF ke riƙe da ita.

Akwai kuma masu aikin da ba a cika ambato ba. Manhaja ba za ta san 5N Najeriya ce ba sai da fayil ɗin ƙasashe, wanda Jim Reisert, AD1C, ya shafe shekaru da dama yana sabuntawa. Da Sudan ta Kudu ta sami 'yanci ranar 9 ga Yuli, 2011, sai da aka shigar da ita a irin wannan jerin kafin manhaja ta lissafa ta a matsayin ƙasa mai zaman kanta. Haka kundin lambobin da aka saba ji a gasa, wanda ake tarawa daga rajistar da mutane ke bayarwa don kansu. In hayaniya ta cinye maka rabin lamba, ka buga abin da ka ji, ta jero maka waɗanda suka yi kama.

Yankinmu ba baƙo ba ne a wannan harka, ko da yake galibi baƙi ne suka yi ta. Ayarin VooDoo, na Turawan Ingila da Amurkawa, cikinsu har da Roger Western, G3SXW, sun yi shekaru suna zuwa Afirka ta Yamma kowane Nuwamba: Gana, Togo, Burkina Faso, Mali, da Yamai, inda suka yi gasar da lamba 5U5Z a 2003 da 2004. Dalilinsu na lissafi ne. Daga nan, Turai da Amurka duk wata nahiya ce, kowace magana maki 3, ga shi masu rediyo a shiyya ta 35 ba su da yawa, duniya kuwa na layi don ta same ta. Dubban maganganun da irin wannan tasha ke tarawa cikin kwana biyu, kwamfutar alƙalai ce ke bin su ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da rajistar ɗaya ɓangaren. Inda harafi ɗaya ya saɓa, a soke maganar, a kuma zaftare maki.