Dasin Hausa: Madatsar Da Ta Shekara Arba'in A Takarda



Duk damina idan aka ce Kamaru za ta saki ruwa, sai ka ji ana kawo sunan Dasin Hausa a majalisa. Da yawa cikinmu mun san sunan, ba mu san labarin ba, shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwaya.

Labarin daga Lagdo ya faro. A shekarar 1977 Kamaru ta soma gina madatsar ruwa a kan kogin Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa, da taimakon injiniyoyin ƙasar Sin, aka kammala a 1982. Injinanta huɗu ne, an tsara su ba da megawat 72, kuma ita ce ta daɗe tana riƙe da wutar arewacin Kamaru. To amma dam ba rijiya ba ce. Idan ta cika dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba bangon ne zai tafi, kuma duk abin da aka saki Yola zai nufa.

Don haka aka tsara wata madatsar a ɓangaren Najeriya, a Dasin Hausa cikin Ƙaramar Hukumar Fufore, wadda za ta tare ruwan kafin ya iso Jimeta. Yadda aka sha bayyana shirin, za ta ninka Lagdo sau biyu da rabi, ta samar da megawat 300, ta shayar da hekta 150,000 a Adamawa da Taraba da Binuwai. Tun farkon shekarun 1980 ake wannan magana. Har yau babu bango.

Kafin a zuba ko buhun siminti ɗaya, aikin masu bincike ne. Sai an shekara da shekaru ana auna ruwan da kogi ke kawowa rani da damina, a haƙa a ga irin dutsen da ke ƙarƙashi, a lissafa yashi da laka da za su riƙa taruwa suna cinye cikin tafkin, sannan a fitar da girman mafitar ruwa da za ta iya ɗaukar ambaliya mafi muni. Akwai ma wata sarƙaƙiya: mai son wuta yana son tafki a cike, mai son tare ambaliya yana son a bar masa wuri. Duk wanda ya ce mana dam ɗaya za ta yi duka biyun ba tare da an rage wani abu ba, kamfe yake yi.

A 2012 ruwa ya nuna mana kuɗin jinkiri. Hukumar NEMA ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 adadin mamatan ya haura 600. A wannan shekarar ce Ministan Albarkatun Ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya shaida wa 'yan majalisa cewa babu rubutacciyar yarjejeniya da Kamaru kan gina Dasin Hausa, kuma yawancin ruwan saman da ya sauka a ƙasarmu ne. Mutane sun fusata, amma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Mayo Kebbi da Faro suna shiga Binuwai ne bayan Lagdo, Gongola kuma a Numan, ga Taraba da Donga da Katsina-Ala can ƙasa. Sai dai a ganinmu wannan ba uzurin barin aikin ba ne, dalilin ƙara bincike ne.

Ga Kiri ma a Shelleng, wadda aka gama a 1982 a kan Gongola don rake na kamfanin sukari na Savannah. A 2008 wata hukumar Amurka ta nemi a yi nazarin saka mata injinan megawat 35. Shi ma nazari ne.

Wani zai ce, ina ruwan Mubi? Gaskiya ne Yedzaram ɗinmu arewa ya nufa, wajen Bama da yankin Tafkin Chadi, ruwan Lagdo ba ya zuwa ƙofar gidanmu. Amma hanyarmu ta Yola ta gadar Jimeta take bi. Idan gonakin shinkafa da masara na Fufore da Demsa da Numan suka nutse, a kasuwar Mubi muke ganin sakamakon a bakin mudu. Mai walda da mai niƙa da tela a Sabon Layi kuwa sun san abin da megawat 300 a cikin jiharmu zai rage musu na kuɗin man janareta.

Muna da ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, duka a nan Mubi. Masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, ga Yedzaram a bayan gida, ba a rasa abin aunawa. Idan kuma masu neman ƙuri'a suka zo da alkawarin Dasin Hausa, mu tambaye su a wane mataki zanen injiniyoyi yake, kuma nawa aka ware masa a kasafin bana.