Tauraron da Ya Fashe a 1917 da Gardamar Girman Sararin Samaniya

A watan Yulin 1917, George Ritchey, masanin taurari a cibiyar Dutsen Wilson da ke Kalifoniya, ya ɗauki hoton wani ɗan hazo mai murɗiya irin ta faifai da madubin hangen nesa mai faɗin inci 60. Da ya gwada shi da hotunan baya, sai ya ga ɗigon haske a inda a da babu komai. Hazon shi ne NGC 6946, wanda William Herschel ya fara gani daga Ingila ranar 9 ga Satumba, 1798.

A wancan zamani ba a san mene ne waɗannan hazo-hazo masu murɗiya ba. Wasu masana na ganin gajimaren iska ne kawai a cikin gungun taurarin da ranarmu take ciki, wato farin ratsin nan da yake keta sama a daren duhu. Wasu kuwa suka ce kowannensu gungu ne mai zaman kansa, nisa ne ya mayar da taurarinsa hazo. Idan na farko suka yi gaskiya, gungunmu shi ne dukan halitta. Idan na biyu ne, to shi ɗaya ne cikin ɗimbin irinsa. Abin da ya hana a raba gardama shi ne rashin ma'aunin nisa.

Ɗigon Ritchey ya ba da fatan samun ma'aunin. An riga an san wani irin tauraro a gungunmu da kan ƙara haske farat ɗaya sannan ya dusashe, ana kiransa noba, wato sabo a Latin. Labarin na bazuwa, masana suka koma kan tsofaffin hotunansu. Ritchey ya gano noba biyu a hotunan Andromeda na 1909, Heber Curtis na cibiyar Lick kuma ya fito da waɗanda ya gani a wasu hazon. Lissafin Curtis mai sauƙi ne. Fitilar da aka nisanta ninki 100, haskenta yana raguwa ninki 10,000. Tun da noban da ke cikin hazon sun fi namu dusashewa da kusan wannan adadi, lalle suna can nesa da iyakar gungunmu.

Sai dai akwai ƙashin da ya tsaya wa hujjar a wuya. A watan Agustan 1885, Ernst Hartwig ya ga wani sabon tauraro kusa da tsakiyar Andromeda daga cibiyar Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a Istoniya, kuma haskensa ya kusa kai a gan shi da ido. A muhawarar da aka yi a Washinton ranar 26 ga Afrilu, 1920, Harlow Shapley yana cikin masu cewa in har Andromeda na da nisan da Curtis ke faɗi, to wannan tauraro guda ya yi hasken miliyoyin rana ke nan, abin da hankali bai ɗauka ba a lokacin. Curtis ya amsa da cewa mai yiwuwa noba iri biyu ne.

Edwin Hubble ne ya warware batun nisa. A watan Oktoban 1923 ya gano a Andromeda wani tauraro mai hawa da saukar haske bisa ƙa'ida, irin wanda ake iya sanin ainihin haskensa daga tsawon zagayensa. Lissafinsa ya ba da tafiyar haske ta kusan shekara 900,000, nesa ƙwarai da iyakar gungunmu. A yau an san nisan ya kai miliyan 2.5. A 1934 kuma Walter Baade da Fritz Zwicky suka tabbatar da zaton Curtis, suka bayyana rukuni na biyu da suka kira sufanoba, wato fashewar tauraro baki ɗaya. Tauraron 1885 yana cikin wannan rukuni, haka ma na Ritchey. Ashe ɗigon da ya tayar da farautar noba shi kansa ba noba ba ne.

Tun daga nan NGC 6946 bai huta ba. An sake ganin fashewa a cikinsa a 1939, wadda Zwicky da kansa ya gano, sai 1948, 1968, 1969, 1980, 2002, 2004, 2008 da 2017. Goma ke nan cikin shekara 100, ta ƙarshen kuma wani mai sha'awar kallon sama ne a jihar Yuta ta Amurka ya fara hango ta. A gungunmu, rabon da a shaida irin wannan tun 1604, zamanin Johannes Kepler, ko da yake ƙurar da ke tsakanin taurari tana ɓoye mana wasu.

Dalilin yawan yana cikin yanayin gungun. NGC 6946 na da wadatar iska da ƙura, yana haifar da sababbin taurari da sauri. Waɗanda nauyinsu ya haura na rana ninki 8 sukan cinye makamashinsu cikin shekaru miliyan kaɗan, alhali rana na da wa'adin kusan biliyan 10. Idan cibiyar irin wannan tauraro ta zama ƙarfe, ƙunar da ke tokare da nauyinsa takan tsaya, cibiyar ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda, sauran jikin ya tarwatse. Inda haihuwar manya ta yawaita, mutuwarsu ma takan yawaita. Gungun yana da nisan tafiyar haske ta kusan shekara miliyan 25, don haka duk fashewar nan goma ta auku tun kafin a sami ɗan Adam a doron ƙasa.

Gungun ya kuma kawo wata sabuwar tambaya. A 2009 wani ƙaton tauraro a cikinsa, mai nauyin rana kusan 25, ya ƙara haske na 'yan watanni, kuma zuwa 2015 ya ɓace daga hotunan madubin Hubble ba tare da ya fashe ba. Masana na jami'ar jihar Ohayo suka ce mai yiwuwa ya rufta kai tsaye ya zama baƙin rami, wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta. Wasu na ganin taurari biyu ne suka haɗe, ƙura ta lulluɓe su. An juya madubin James Webb wajen, ya ga ɗan haske mai rauni a gurbin, kuma har yanzu ana muhawara kan ma'anarsa.