Tsohuwar Mota da Baƙin Mai: Ma'aunin da Aka Gada a Hanyar Agiye

A tashoshin motar Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, galan ɗin baƙin mai ya zama cikin kayan aikin direba, yana ajiye ƙarƙashin kujera kusa da jak da sufana. Ana ƙara mai kafin a ɗauki hanya, in an yi magana a ce tsohuwar mota dole ta sha. Akwai gaskiya a maganar, domin babu injin da ba ya ƙona ɗan mai komai sabuntarsa. Sai dai ma'aunin da ake raba shan lafiya da na ciwo da shi a wannan yanki gadonsa aka yi daga motocin da yanzu sun ƙaranta a hanya. Motocin sun sake, ma'aunin yana nan inda yake, kuma wannan ne ke kashe injuna tun kwanansu bai ƙare ba.

Gyaɗa ce ta kawo mota ƙasar Maraɗi da yawa. Tun zamanin Faransawa manyan motoci ke kwasar ta daga kasuwannin karkara zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ke kai ta bakin teku. A shekarun 1950 aka karkata wani kaso ta Dahomey zuwa Kwatano, sannan a 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA don ta riƙe cinikin. Motocin wancan lokaci irin su Berliet masu aiki da gazuwal ne, suna bin hanyar burji da rairayi da kaya fiye da ƙima, kuma yaran mota sun taso suna ganin ana auna mai kowace safiya ana ƙarawa. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, amma bai karya sufuri ba. Alhazan Maraɗi sun juya ga fatauci da Najeriya, hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Cadawa, Agiye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram ta ci gaba da cika.

Motar da ta koya wa kanikawan yankin sana'a ita ce Peugeot. Samfurin 404 ya fito a 1960, 504 a 1968, kuma daga 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, abin da ya sa kayan gyaranta suka wadata daga Kano da Katsina har ƙananan garuruwa. Injinta mai haƙuri ne ta hanyoyi biyu. Na farko, an ƙera shi a zamanin mai mai kauri, da ringi masu faɗi da ƙarfin matsi, ba shi da wata na'ura da ɗan hayaƙi zai lalata. Na biyu, kuma wannan ne aka fi mantawa, silindarsa hannun riga ce da ake zarewa a sa sabuwa. In mota ta fara sha fiye da ƙima, bakanike ya sauke inji, ya sake hannun riga da fistin da ringi, ta koma aiki. Haƙurin da direban 504 ke yi da shan mai yana da ƙarshe, domin gyara na nan kusa kuma aljihu na iya ɗauka. Babura masu haɗa fetur da mai a tanki ɗaya, waɗanda hayaƙi ɗabi'arsu ce, su ma sun taimaka wajen sa ido ya saba da shuɗin hayaƙi har ya daina ganinsa a matsayin alama.

Daga ƙarshen shekarun 1980 kasuwa ta juya. Faɗuwar naira bayan 1986, da rage darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sun fitar da sabuwar mota daga hannun mai matsakaicin ƙarfi. Sai tsoffin motocin Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, suka riƙa sauka a Kwatano da Lome, suna hayewa ta Gaya, wasu su tsaya a Nijar, da yawa su wuce Najeriya ta iyakoki irin na Ɗan Isa da Jibiya. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsoffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka. Toyota ta gaji Peugeot a tasha, kuma injin da ke zuwa yanzu wata halitta ce daban: ringi sirara marasa matsi sosai don a rage shan fetur, ƙananan ramukan da mai ke komawa ƙasa ta cikinsu, na'urar daidaita bawul da ke aiki da matsin mai, da matatar hayaƙi a cikin salansa. Yawancinsu ba su da hannun rigar da ake zarewa. In silinda ta ci, sai dai a kai ta a rarake ko a nemi wani injin.

A sa lissafi a gaba. Daga Agiye zuwa Maraɗi kimanin kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, don haka motar haya mai sawu ɗaya a rana tana cin kusan kilomita 1,000 a mako. Ƙaramin inji yana ɗaukar lita 4 ko kusa da haka, kuma tsakanin zane na sama da na ƙasa a sandar awo kimanin lita guda ce. Lafiyayyen inji, ko da ya tsufa, yakan kai lokacin juye a kilomita 5,000 bai sauka daga zanen sama zuwa na ƙasa ba. Wanda ke neman lita guda kowane mako kuwa, kafin lokacin juye ya ƙone fiye da cikin kaskonsa gaba ɗaya. Man nan ko dai yana ɗiga ta gasket da sil, wanda ƙasan da mota ta kwana za ta nuna, ko yana shiga inda wuta ke ci. Shuɗin hayaƙi da sassafe ko bayan doguwar tsayuwa yakan nuna robobin bawul sun bushe. Wanda ke fita lokacin da aka taka mota da kaya yakan nuna ringi. Wani lokaci kuma ɗan bawul ɗin numfashi da ke fitar da iskar cikin inji ne ya toshe, abin da kuɗinsa bai kai na galan ɗaya ba.

Za a ce ai kamfanonin da suka ƙera motocin sun yarda da shan mai. Haka ne: littattafan wasu motoci sun rubuta rabin lita a kilomita 1,000, wasu ma har lita guda. Amma wannan adadi iyaka ce da kamfani ya ja don ya san inda alhakinsa na gyara kyauta ya fara. Ba bayanin lafiyayyen inji ba ne. Toyota kanta ta amsa cewa injin lita 2.4 na Camry na 2007 zuwa 2009 yana da matsalar fistin da ringi, ta tsawaita garantinsa a Amurka. Irin waɗannan motoci sun cika kasuwanninmu, garantin kuwa bai biyo su cikin jirgin ruwa ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta talauci, kuma ba na raina ta. Mai motar da ke ciyar da gida da kuɗin fasinjan kasuwar mako ba zai iya ajiye ta kwana goma ba, lita guda kuma ta fi sauke inji sauƙi a yau. Akwai lokacin da hakan daidai ne: motar da ta kusa ƙarshen rayuwarta, shanta bai ƙaruwa, ana iya lallaɓa ta da ƙari muddin ana aunawa. Matsalar ita ce ƙarin ya maye gurbin juye. Ana cewa tunda sabon mai na shiga kullum ba sai an zubar da tsohon ba, alhali dattin da ƙurar hunturu ta shigar yana nan cikin kasko da matata, yana cin ƙarfe, yana toshe ramukan fistin, shan ya daɗa ƙaruwa. Haka batun mai mai kauri. Zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 gaskiya ne, kuma mai mai kauri irin 20W-50 ya dace da 504, yana ma rage hayaƙin injin da ya riga ya ci. Amma a injin da aka ƙera don mai marar kauri irin 5W-30 yana jinkirin isa saman inji lokacin tayarwa, yana dagula na'urar bawul, ya ɓoye ciwo ba tare da ya warkar ba. Balle man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda mai saye ba shi da hanyar sanin asalinsa.

Abin ya ƙara tsanani a shekarun nan. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a Janairun 2017, ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar hanyar Kwatano ta tsaya a gadar Gaya. Injin canji da a da ake samu cikin sauƙi ya yi tsada, don haka kowane inji da ke aiki tsakanin Gidan Rumji da Gazawa sai ya daɗe fiye da yadda aka saba. Agogon kilomita na motar da ta ratsa hannu huɗu ko biyar ba abin dogaro ba ne, amma nisan garuruwa sananne ne. Mai saye ko mai haya zai iya cika mai zuwa zanen sama a wuri mai lebur, inji a sanyaye, ya ƙirga sawunsa, ya sake aunawa a wuri ɗaya bayan mako. In lita guda ta kai shi kilomita 3,000 ko fiye, ya ci gaba da lura. In ba ta kai 1,000 ba, ko kuma tazarar tana raguwa wata bayan wata, lokacin zuwa gareji ya yi, a fara da matatar iska da bawul ɗin numfashi da wuraren ɗiga kafin a kai ga sauke inji.