Masaukin baƙi a birane: Me ke tsayar da kuɗin kwana?

A kowane mako 'yan kasuwa daga Kafin Hausa da Hadejia da sauran garuruwan fadamar kogin Hadejia kan yi lodin busasshen kifi da tattasai da shinkafa da dabbobi zuwa Kano da Ibadan da Legas.

Wannan zirga-zirga ta ƙara ƙarfi tun bayan da layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Malam Madori, ya kammala a 1930.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa, wurin kwana ba ƙaramin lamari ba ne, domin idan kaya suka yi kwantai, kowane dare yana cin wani abu daga ribarsa.

Tsarin fatoma

Masauki mafi daɗewa a wurin Hausawa shi ne gidan fatoma, wanda ake kira maigida a zangunan kudu.

Bisa al'ada, baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki. Fatoma kan ba shi wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, sa'annan ya haɗa shi da dillalai.

Sai dai kwanan ba kyauta ba ne, domin fatoma na samun nasa ne daga la'adar cinikin da aka ƙulla ta hannunsa.

Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi nazari a unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana a littafinsa na 1969 cewa masu masauki ne ginshiƙin cinikin shanu da goro, saboda su ke tsaya wa baƙo idan aka karɓi kayansa bashi.

Ke nan abin da baƙo ke saye a nan shi ne amana, ba tabarma kaɗai ba.

Gado ko ɗaki

Wanda ba shi da fatoma kuwa, sai ya nemi masaukin biya.

A Turai, irin wannan masauki mai rahusa ya samo asali ne a Jamus a farkon ƙarni na 20, lokacin da wani malamin makaranta, Richard Schirrmann, ya buɗe wa matasa wurin kwana a garin Altena.

Dabarar ita ce a sayar da gado maimakon ɗaki, ta yadda mutane da dama za su raba kuɗin ɗaki guda da banɗaki guda.

Haka lamarin yake a kewayen tashoshin mota da manyan kasuwanni kamar Mile 12 a Legas, inda yawan masu kwana ke sauƙaƙa abin da kowa zai biya, amma ya rage sirri da tsaron kaya.

Abubuwan da ke ɗaga farashi

Na farko shi ne kusanci. Ɗakin da ke dab da kasuwa ko tasha ya fi tsada, ko da kuwa bai kai na bayan gari kyau ba.

Na biyu shi ne wuta. Bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500, ta kuma haura naira 1,000 a 2024.

A watan Afrilun 2024 kuma aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu samun wutar awa 20 a rana.

Shi ya sa tambayar farko a masauki ita ce ko ɗakin na fanka ne ko na na'urar sanyaya ɗaki, da kuma ƙarfe nawa ake kashe janareta.

Na uku shi ne haraji. A 2020 an ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, yayin da jihar Legas ta sanya wa otal-otal nata harajin na kashi 5 tun 2009.

Na huɗu shi ne lokaci. Gabanin Babbar Sallah, sa'ar da masu raguna ke kwarara kudu, wuraren kwana kan yi ƙaranci.

Saboda haka tsofaffin fatake kan haɗa kuɗin kwana da na mota zuwa kasuwa da kuma lafiyar kayansu kafin su ce wuri ya yi araha.